Shin Waƙar Bagauda za ta ɗauki gurmi?

Telan Yakasai ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan cikin garin Kano, amma tun ina saurayi nake taɓa gurmi. A wajen wani dattijo na koya, mutumin ƙauye ne da yake yi wa 'yan kokawa kiɗa in kaka ta yi, da rani kuma ya shigo birni cin rani yana kwana a soron gidanmu. Ni ban taɓa roƙo da shi ba, ban taɓa kai shi gidan biki ba. In na rufe shago bayan isha'i na ga soro ba kowa, sai in ɗauko shi in ɗan kaɗa, shi ke nan.

Kwanakin baya ɗan yayata da yake karatu a Jami'ar Bayero ya nuna min wata Ba'amurkiya a YouTube, sunanta Jean Ritchie, daga jihar Kentucky. Tana zaune a kujera ta kwantar da wani abin kiɗa a cinyarta, dogo siriri na katako, wai dalsima ake ce masa. Da hannun hagu tana bin tsirkiya ɗaya da ɗan guntun itace, sama da ƙasa, da dama kuma tana sharar tsirkiyoyin gaba ɗaya da gashin tsuntsu. Sauran tsirkiyoyin ba a danna su, sai dai su yi ta gunji da murya ɗaya a ƙarƙashin waƙar. Kunnena bai ji baƙon abu ba sam, domin gurmi ma haka yake tafiya, wata tsirkiyar tana magana wata tana riƙe mata ƙasa.

Amma ba kiɗan ne ya tsaya min a rai ba. Kafin ta fara sai ta faɗi inda ta samo waƙar, a bakin wa ta ji ta a danginsu, labarin me take bayarwa. Sannan ta rera doguwar waƙa mai labari tun daga farko har ƙarshe. Ba rawa, ba liƙi, ba sanƙira. Mutane na zaune suna saurare.

To ni ma ina da irin wannan a hannu. Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, ta haddace Waƙar Bagauda, wadda take jera sarakunan Kano, tana yin ta da hantsi in tana kaɗi. Wani baffanmu ya ɗauke ta a kaset tun ina firamare, kaset ɗin yana wurina, har yanzu yana ci in an yi masa a hankali. Na haddace mafi yawanta daga ciki. Yanzu kuma an gayyace ni ranar al'adu a wata makarantar sakandare ta unguwarmu, aka ce in zo da gurmina in yi wa yara wani abu na da. Raina ya tafi kan in yi musu Bagauda da gurmi, in riƙa tsayawa ina yi musu bayani yadda matar nan take yi.

Sai dai na gwada ni kaɗai, abin ya ƙi zama. Da na sa hannu a tsirkiya sai kiɗan ya ja ni da gudu, baitocin su tattare kamar ɗinkin da aka ja zarensa da yawa, sunayen sarakuna suna hawa kan juna. Ko hannuna ne, ko kuwa waƙar ce ba ta son kiɗa? Kuma tun da da sunan Allah da salati take farawa, zuciyata tana ɗan ɗar-ɗar.

Sannan maganar bayani. A bakin kakata Hajiya, Bagauda maharbi ne daga Gaya, ya zo ya tarar da daji ba kowa sai namun dawa, ya yi saran farko, mutane suka biyo shi saboda yunwa ta kore su daga garuruwansu. Littafin da yaran nan suke karantawa kuwa cewa ya yi ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda, daga Daura ya zo a shekarar 999, ya tarar da mutanen Dala da tsafinsu. In wani yaro mai kaifin baki ya ɗaga hannu ya ce Baba wanne ne gaskiya, me zan ce masa? Ba na son in ƙaryata kakata a gaban yara, ba na kuma son malamin tarihi ya tashi ya gyara ni.

Almajirin Madabo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Tela, wannan ɗar-ɗar ɗin da kake ji kada ka yi watsi da shi.

Waƙar Bagauda ba waƙar yabon sarakuna ba ce irin ta makaɗan fada. Wa'azi ce. Ka lura da yadda take tafiya: a ambaci sarki, a faɗi shekarun da ya yi, a wuce, a ambaci na bayansa. Ba ta tsayawa ta zuga kowa. Manufar jera su ita ce mai sauraro ya ga duk sun zo sun tafi, da wanda ya daɗe da wanda bai daɗe ba. Shi ya sa in an gama lissafin sai ta juya kan mai sauraron kansa, ta shiga maganar mutuwa da kabari da hisabi, tana jan kunne a kan abubuwan da Shari'a ta hana. Irin wannan waƙa da murya zalla ake yin ta, kamar yadda makafi suke rera Imfiraji ta Aliyu Namangi a bakin masallaci da kasuwa. Ka taɓa jin an sa wa Imfiraji goge?

Ba ina cewa gurminka kayan shaiɗan ba ne, wannan magana ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, ba a nan za mu yanke ta ba. Ko bandirin da 'yan Ƙadiriyya suke bugawa a Kabara, da yake zikiri ne tsantsa, akwai masu ja da shi. Amma ka tuna Shehu Usmanu a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe ba tare da wata manufa ta Shari'a ba cikin halayen da ya soki sarakunan Haɓe da su. Waƙar da ta taso daga hannun malamai masu wannan ra'ayi, ka ɗauke ta ka ɗora a kan kiɗan 'yan kokawa, a gaban yara da iyayensu da malaman Islamiyya, ni dai ina ganin za ka jawo wa kanka surutun da zai rufe alherin da ka je yi.

Shawarata ka ajiye gurmin a gefe ka yi Bagauda da bakinka. In ka gama, ka ɗauke shi ka yi musu wata.

Malama 'Yar Gwale ta amsa:

Baba Tela sannu da ƙoƙari. Adabin baka na karanta, kuma wannan tambaya taka ta yi min daɗi ƙwarai.

Bari in fara da ita matar da ka gani, don akwai abin da zai ba ka mamaki. Waƙoƙin da take yi yawancinsu ba na Amurka ba ne asali. Kakanninsu ne suka ƙetara da su daga Ingila da Sikotilan da Ailan, suka zauna da su a cikin duwatsun Apalashiya. Wani farfesa a Jami'ar Harvard, Francis James Child, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi masu labari guda 305 ya buga tsakanin 1882 da 1898, kowace da ire-iren yadda ake yin ta a wurare daban-daban. Daga baya wani Bature ɗan Ingila, Cecil Sharp, tare da Maud Karpeles, suka bi ƙauyukan duwatsun nan daga 1916 zuwa 1918 suna rubuta waƙoƙin daga bakin mutane, har da 'yan gidan su Jean Ritchie. Abin da suka tarar shi ne, da murya zalla ake yin su, mata suna aikin gida suna rerawa, kamar dai yadda Hajiya take yi tana kaɗi. Ita Ritchie, an haife ta a 1922, ita ce autar 'ya'ya 14, ta rasu a 2015. Sai da ta koma birnin New York bayan yaƙin duniya na biyu sannan dalsima ta yi suna a hannunta, kuma duk da haka manyan tsofaffin waƙoƙin da yawa ba ta sa musu kiɗa, ajiye abin take yi ta rera haka nan. Ka ga ashe ita ma ta san wannan rarrabewar da Malam na Madabo yake faɗa, ko da yake nata dalilin ba na addini ba ne. Waƙa mai labari tana son mai rerawa ya ja numfashi inda labarin ya nema, kiɗa kuwa yana son a faɗo a kan bugu.

A 1952 ta samu tallafin karatu ta tafi Birtaniya da Ailan tana neman tushen waƙoƙin gidansu. Ta tarar ana yin su, amma sunaye sun sauya, garuruwa sun sauya, wani wurin ma ƙarshen labarin daban ne. Ba ta dawo ta ce na gidansu kuskure ne ba.

Yanzu ga Bagauda. Abin da ke littafin makaranta daga Tarihin Kano aka ɗauko shi, wanda aka rubuta da Larabci, kuma lissafinsa ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature, H. R. Palmer, ya fassara shi da Turanci a 1908, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Ita shekarar 999 ɗin nan da ake ta haddacewa ba wani ne ya rubuta ta ranar da Bagauda ya iso ba. Shekarun mulkin sarakuna aka tara aka yi ta komawa baya har aka dire a kanta. Shi kansa marubucin Tarihin daga bakin mutane ya tattaro labaran farko-farkon, da kirari da waƙoƙin fada. Wato shi ma ɗan uwan waƙar Hajiya ne, sai dai shi ya riga shiga takarda.

Ita ma waƙar ta shiga takarda. Mervyn Hiskett ya buga ta da fassara da sharhi a 1964 da 1965 a mujallar makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Landan, ya kuma nuna cewa jerin sarakunanta da shekarunsu ba su dace da na Tarihin Kano ba a wurare da yawa. A tasa ma daga Gaya Bagauda ya fito, maharbi, saboda haka Hajiya ba ruɗewa ta yi ba. Kuma Gaya ba baƙuwa ba ce a labarin kafuwar garin nan. Abagayawa maƙera suna cewa kakansu mai suna Kano daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, kuma masu tonon kayan tarihi sun sami alamun narka ƙarfe a Dala da suka kai ƙarni na 7, tun kafin wannan 999 da ɗaruruwan shekaru.

Don haka in yaro ya tambaye ka, ka ce masa gari mai tsufa irin Kano ba ya rasa labarin asali fiye da ɗaya. Na fada yana haɗa sarautar da Daura da Bayajidda, domin sarauta tana son a san tsatsonta. Na waƙa yana tuna maharba da manoma da waɗanda yunwa ta koro. Ka ce "haka na ji a bakin kakata, littafi kuma ga abin da ya ce", ka bar malamin tarihi ya ɗora daga nan. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka cike gurbi da ƙirƙira. Na sha jin masu bayani a taro in sun iso baitin da ba su gane ba sai su ƙaga masa labari nan take, yara su rubuta, gobe ya zama tarihi.

Kuma don Allah Baba, kaset ɗin nan a juye shi a waya ko kwamfuta tun bai tsinke ba. Ɗan yayar taka ya kai kwafi cibiyar binciken harsunan Nijeriya da ke jami'arsu, ko Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa.

Sadik_Studio ya amsa:

Baba ka zo mu ɗora mata bit kawai mu sa a TikTok, wallahi sati ɗaya ta zaga gari. Yaran yanzu ba za su zauna minti ashirin suna jin sunayen matattu ba.

Tsohon Mai Garaya ya amsa:

Jikana ne yake rubuta min, ni idona ba ya ganin rubutun waya. Na yi wa mafarauta garaya tun zamanin da ake fita da karnuka daga nan har dajin Falgore, yanzu na ajiye.

Ɗana, ba hannunka ne ya lalace ba. Wanda ya koya maka, kiɗan kokawa ya koya maka, shi kuwa kiɗan kokawa don a tsuma mutum aka yi shi, jini ya hau, ya fito fili. Ba ya jira. Kuma ka san abin da kake kaɗawa ba ƙara ce kawai ba, take ne. Kowane take da maganarsa a ciki, tsirkiya tana hawa tana sauka yadda harshe yake hawa yana sauka. Kai kana rera sunan Rumfa, yatsunka kuma suna kiran wani ɗan kokawa da ya kayar da mutane a Gezawa shekara hamsin da suka wuce. Yara ba za su ji ba. Amma in akwai tsoho ɗaya a wurin da ya san fage, dariya zai yi, ko ransa ya ɓaci. Magana biyu ce take fita lokaci guda, dole su yi karo.

Ba na shiga maganar malamai, abin da Malam ya faɗa a kan farkon waƙar da ƙarshenta ni ma ba zan sa hannu a tsirkiya ana salati ba, ko da can ba ma yi. Amma in ka nace sai ka ji gurmi a wajen lissafin sarakuna, ga yadda za ka yi. Kada ka kaɗa kana rerawa. Ka rera baiti da bakinka har ya dire, sannan gurmi ya amsa, ya maimaita karin da bakinka ya gama, gajere, ya yi shiru, ka ɗauki na gaba. Shi ne ɗan amshinka. Ka sassauta tsirkiyar ta sauko daidai muryarka, kada kai ka bi ta sama kana maƙure wuya. Ka bar yatsan da yake yawan gudu ɗin nan ya huta.

Sannan ka duba ranar. In da damina ne ko an yi raɓa, fata takan saki, jaki, wato abin da yake ɗage tsirkiya a kan fatar, ya nutse, sauti ya mutu. Ka shanya shi a rana kafin ka fita, in babu rana ka kanga shi nesa da garwashi kana shafawa da tafin hannu har ka ji ya ɗauka. Da hunturu kuma akasin haka, kada ka bar shi a rana, sai ta tsage. In makaranta sun kawo lasifika, a sa maka a baki, kada a cusa a cikin ƙoƙon, gurmi zai haɗiye maganar.

Da a ce ni ne, tun da an ce Bagauda maharbi ne, garaya ce ta dace da shi ba gurmi ba. Amma kada ka kai garaya makaranta. Mutane da sun gan ta da buta sai su ce bori, ba sa tuna ta mafarauta ce tun farko.

Shi kuma yaron da ya ce sunayen matattu, Allah ya ba shi tsawon rai.

Telan Yakasai ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mai Garaya, maganar take ɗin nan ta buɗe min ido. Jiya na zauna na saurari abin da yatsuna suke yi in na saki jiki, ashe kuwa taken wani ɗan kokawa ne da maigidana yake yawan yi, har kirarinsa ya dawo min. Na gwada yadda ka ce, baiti sannan amsa, nan da nan sunayen suka samu wurin zama. Yana cin lokaci, amma ana jin kowane suna.

Ga yadda na tsara. Zan fara da gurmi shi kaɗai don yara su nutsu, in nuna musu ƙoƙon da fatar da jakin, in yi musu waƙoƙin cikin tatsuniya biyu da Hajiya take yi mana da dare, waɗannan ba wanda zai ce komai a kansu. In na zo Bagauda zan kife gurmin a cinya in yi buɗewar da murya zalla, Malam ka ji. Saran daji da lissafin sarakuna zan yi su da amsar gurmi a tsakani, ba duka ba, zan zaɓi yanki don lokacin da aka ba ni kaɗan ne. Wa'azin ƙarshe kuma in sake kifewa. Na san wannan bai kai yadda Malam ya so ba, amma na je na sami limamin masallacinmu na rera masa yadda zan yi, ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba matuƙar sunan Allah da na Manzo ba su haɗu da kiɗa ba.

Malama, zan faɗi labarin biyun kamar yadda kika ce, har da na Abagayawa, don akwai 'ya'yan maƙera a makarantar. Sadik, kai kuma aikinka shi ne ka juye min kaset, ba bit.

Saura abu ɗaya. Lissafin Hajiya a kan Sarki Abdullahi Bayero ya tsaya, wanda ya rasu a 1953, ina jin a zamaninsa ta koya. Babu Sarki Sanusi na farko, babu Muhammadu Inuwa, babu Ado Bayero da ya hau a 1963 ya yi shekara hamsin da ɗoriya har 2014, wanda shi ne iyayen yaran nan suka buɗi ido suka gani a hawan Sallah. A kansa zan so in tsaya, tun da waƙar waɗanda suka riga mu take lissafawa, kuma ba na son a ja ni cikin maganar da ba tawa ba. Ina da ikon in ƙara musu baitoci, ko sai malami? Na ɗan tsara guda uku amma ban nuna wa kowa ba.

Almajirin Madabo ya amsa:

Ƙari ba laifi ba ne, da haka ta iso hannun Hajiya, ai wanda ya fara ta bai ga zamanin Abdullahi Bayero ba. Sharaɗi dai ka bi ma'auninta da amsa-amonta, ka faɗi suna da shekaru ka wuce kamar yadda ta yi wa na baya, kada son Sarki Ado ya ja ka ka shiga kirari. Kuma ka gaya wa yaran daga ina na Hajiya ya ƙare, daga ina naka ya fara.

Maganar gurmi a tsakanin baitoci har yanzu ina nan a kan ra'ayina, amma tun da ka tambayi limaminku na bar ku da shi. Ka rubuto baitocin ukun a nan, ko ka turo min ta akwatin saƙo, in auna maka su kafin ranar.